Delight, Bindigar Dalyop, Ta Riga Mu Gidan Gaskiya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idanun da har yanzu ba su bushe ba, iyalan Dalyop Chollom na unguwar Levenshulme a birnin Manchester suna sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar bindigarsu, Delight. Rai ya yi halinsa ranar Asabar ɗin da ta gabata, a wani filin gasar harbi da ke bayan garin Birmingham, bayan doguwar jinya da gajeren magani. Ta cika a hannun mai ita, a gaban jama'a, da harsashi a bakinta wanda ba ta samu ikon haɗiyewa ba.

An rubuta "iyalan" ne saboda haka ake buɗe sanarwa. Gaskiyar magana, Dalyop ne kaɗai ke kuka. Mai ɗakinsa Margaret, maman ɗansu Jabez, ta yarda a sa sunanta, amma ta ce a bayyana wa jama'a cewa ita makokin tukunyarta take yi, kuma za a ji dalili a gaba.

Ga waɗanda ba su yi sa'ar sanin marigayiyar ba, ƙaramar bindigar kafaɗa ce ta harbin takarda, irin wadda dokar ƙasar nan ta yarda mai lasisi ya ajiye don zuwa kulob. Mai ɗura wa kanta ce. Ka ja kunama ta harba, ta tofar da ɓawon harsashin gefe, ta ɗauko sabo daga gidansa, ta zauna tana jiranka, duk kafin ka ƙifta ido. Lokacin da take da lafiya muryarta ba ta da na biyu: tas-cak, tas-cak, tas-cak, ba gaggawa, ba jan ƙafa. Ba ta taɓa ɗaga murya a kan wani mai rai ba. Tantabarun Stockport Road shaida ne, sun rayu sun yi ƙiba a zamaninta. Ba mai yawo ba ce. Kullum tana kwance a akwatin ƙarfe da aka ɗaure a bango ƙarƙashin matakala, ba ta fita sai da mai ita, shi ma a cikin jaka. Ita kaɗai ce a gidan da 'yan sanda suka taɓa takowa takanas don su ga ko makwancinta ya yi kyau, kuma Dalyop ya daɗe yana ba da wannan labari a harabar coci.

Ba don wasa ta shigo gidan ba. Mahaifin Dalyop, wanda ake kira Da Chollom don girmamawa, tsohon maharbi ne a wani ƙauye da ke bayan Barikin Ladi, mutumin da har yau idan ya yi tari 'yan farauta ke gyara zama. Dalyop kuwa bas yake tuƙawa, daga tsakiyar gari zuwa Stockport, ya juyo, ya koma, har furfura ta fara leƙo masa. Aiki ne mai albarka, shi ya yi wa tsohon rufin kwano. Amma duk ranar da suka yi waya, Da Chollom yakan tambayi lafiyar hanya da lafiyar fasinjoji cikin ladabi, kamar mai gaisawa da baƙo, daga nan zance ya ƙare. In tsoffin abokan farautarsa suka tambayi ɗan da ke Ingila, sai ya ce yana can yana tuƙi, ya sako maganar damina. Wannan abu yana cin Dalyop, yana cinsa ƙwarai. Idanun tsohon sun riga sun tafi, kunnuwan ne suka rage, kuma abin da Dalyop yake so a duniya bai wuce uban nan nasa ya ji ƙarar harbinsa ba, ya ce wannan hannun gidanmu ne. Don haka ya shiga kulob, ya jure cike-ciken takardu, ya jira lasisi har ya kusa fid da rai, sannan ya ɗauko Delight.

Ba wanda zai ce ba a kula da ita ba. Kulawar ma ce ta yi yawa. A kulob Dalyop ya ga yadda Turawa ke shafa wa bindigoginsu mai: wata 'yar kwalba kamar ta maganin ido, ɗigo ɗaya a kan tsumma, shi ke nan wai an gama. Ya kalle su da tausayi. Rowa dai ba ta da kyau, ko a kan ƙarfe aka yi ta. A gidansu ba haka ake yi ba. Adakar Da Chollom, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki a danna da sanda, man gyaɗa take sha har sai ta yi ƙyalli, kuma ta girmi Dalyop nesa ba kusa ba. Saboda haka kowace Lahadi bayan an taso daga sujada, sai ya shimfiɗa tsohuwar jarida a teburin cin abinci, ya ɗauko galan ɗin man gyaɗa daga kicin, ya tsiyaya mata ta kowace kafa yana rera waƙa ƙasa-ƙasa. Bai taɓa faɗa wa kowa a kulob ba. Sirrin gida ne, kuma ba ya son ya kunyata mutane a ƙasarsu.

Ciwon ya fara ne da shigowar sanyi. Wata rana tana tsakiyar harbi sai ta kasa tofar da ɓawon, ya tsaya cak a ƙofar fita, rabi ciki rabi waje, kamar sigari a bakin ɗan tasha. Dalyop ya cire shi da yatsa, ya ce mura ce. Da suka sake komawa ta tofar da ɓawon lafiya lau, amma ta manta ta ɗauko sabo: tas, sannan ƙyas. Duk wanda bindigarsa ta taɓa yi masa wannan ƙyas ɗin a tsakiyar layin masu harbi ya san irin kunyar da ke cikinta. Daga baya ta koma ɗauko biyu a lokaci guda, su cushe mata a wuya, ta tsaya baki buɗe tana kallonsa.

Iyalan suna so jama'a su shaida cewa an nemi magani. An fara da zargin gidan harsashi, aka sayo sabo, ta ɗan samu sauƙi, ta koma. Aka ce harsashin ne ba shi da ƙarfin tura ƙarfen cikinta baya, aka yi ta canja mata iri kamar yadda ake canja wa majinyaci abinci. Ta ɗanɗana wannan ta ƙi, ta ci wancan ta amayar. Aka ce sifirin da ke mayar da ƙarfen gaba ne ya gaji, aka sa mata wani. Wani dattijo a kulob ya ce matsalar riƙo ce, Dalyop ya ƙara manna ta a kafaɗa har wurin ya yi tabo. Wata tsohuwa da ke harbi a gefensa ta leƙo ta saman tabarau ta tambaye shi ko yana kula da tsabtarta. Ya ce kowane mako ba fashi, kuma ya ɗaga murya don na baya su ji. Bayan kowane gwaji, in ya dawo gida ya ga ba sauƙi, sai ya ƙara mata mai, domin a ganinsa jikin da ke ciwo ya fi kowane buƙatar abinci.

Ana cikin haka ranar gasar Birmingham ta matso, kuma Dalyop ya riga ya yi abin da ba ya janyuwa: ya faɗa wa mahaifinsa. Ya ce za a kira shi a waya daga filin, ya ji da kunnensa. Tsohon bai ce komai ba sai "To." Amma labari ya iso daga gida cewa ya sa an share ƙarƙashin mangwaro, ya kuma aika wa duk maharbin da ya rage da rai a ƙauyen cewa ranar nan kada kowa ya je gona.

Sai a lokacin Dalyop ya yi abin da ya daɗe yana jin nauyinsa, ya kwance ta ya buɗe cikinta. Abin da ya gani bai dace da sanarwa irin wannan ba, amma dole a faɗa. Man gyaɗan watanni ya haɗu da tokar albarushi, sanyin Manchester ya daskarar da su, suka zama wani baƙin abu mai danƙo kamar daddawa. Ƙarfen da ya kamata ya riƙa kai da komo yana dafe a ciki. Warin ƙuli-ƙuli ya cika falon. Dalyop ya zauna ya riƙe kai, amma ko kusa bai zargi man ba. Ya ce laifinsa ne da ya yi ta ciyar da ita bai yi mata wanka ba, domin a nan ne ya tuna sauran rabin aikin: idan adakar Baba ta yi dauɗa, tafasasshen ruwa da kanwa ake ɗura mata, a shanya ta a kan dutse.

Ya tambayi Margaret inda take ajiye kanwa, ta nuna masa ba tare da ta kawo komai a ranta ba. Tana fita aiki ya ɗauke ƙullin gaba ɗaya. Ya sauko da babbar tukunyarta ta shinkafar biki, wadda ta taho da ita tun daga Jos, ya cika ta da ruwa, ya tafasa, ya juye kanwar. Ya cire gindin katakon ya ajiye gefe, ya tsoma sauran jikin, bututun yana leƙowa waje kamar muciya. Ruwan ya fara kumfa. Marigayiyar ta ce fsss, a hankali, kuma ta daɗe tana faɗa. Dalyop ya ji daɗi har cikin ransa, ya ce cutar ce ke fita. Ranar bai je aiki ba. Ya jawo kujera ya zauna yana gadinta, in wuta ta yi ƙasa ya ƙara.

Abin da bai sani ba, wanda iyalan ke roƙon jama'a su sani, shi ne adaka baƙin ƙarfe ce daga sama har ƙasa, Delight kuwa ƙirjinta na alminiyon ne irin na tukunya, kuma kanwa mai zafi cin alminiyon take yi. Ta fito toka-toka, jikinta duk ƙananan ramuka kamar wadda ta tashi daga agana. Tukunyar ma haka. Babu dutse, babu rana, sai ya shanya bindigar a kan hitar ɗumama ɗaki.

Margaret ta dawo ta tsaya a ƙofar kicin da jakarta a kafaɗa. Ta kalli tukunyar.

"Baban Jabez, tukunyata ce wannan? Wadda na bar zannuwana a Jos don ta samu wuri a akwati?"

Ya ce za ta wanku.

"Kai da bindigar ku yi booking ku ga likita," in ji ta, ta haye sama.

Da ya zo harhaɗa bindigar, ƙusoshin da a da sai an buga suke shiga, yanzu da kansu suke zamewa ciki. Ya ɗauki wannan alamar lafiya, ya ce ta saki jiki. Ya ɗan ƙara mata man gyaɗa na guzuri.

Ranar Asabar suka kama hanya, ita a jaka a bayan mota, shi yana kauce wa kowane rami. A unguwar Sparkbrook ta Birmingham suka tsaya suka ɗauki amininsa Bara'u, wani Bakatsine mai bincike a jami'a, wanda ke zaune a saman wani shagon yadi a Stratford Road. Bara'u bai san komai game da bindiga ba, kuma ba ya son ya sani, amma ya yarda shi zai riƙe waya. Yana shiga motar ya shinshina, ya waiga baya.

"Malam Dalyop, bindiga ce a jakar nan ko tsire ka kawo mana?"

Dalyop bai yi dariya ba.

A filin aka jera masu harbi, kowa da takardarsa a can gaba. Bara'u ya tsaya a bayan layi ya kira ƙauye, kuma layin waya ya yi kirki ranar, abin da bai saba ba. Ana jin kaji, ana jin tsoffi suna gyara murya. Alƙalin fili ya ba da izini. Dama da hagu bindigogi suka ɗauka, tas-cak, tas-cak, gwanin sha'awa. Dalyop ya ja numfashi, ya saita, ya ja kunama.

Ƙyas.

Ya jawo ƙarfen baya don ya taimaka mata. Ta ce ƙiii, ta tsaya a rabin hanya, harsashi a karkace a bakinta. Wata 'yar ƙusa ta zame daga gefenta ta faɗi ƙasa, ta gangara har gaban takalmin alƙali. Wannan ƙiii ɗin ita ce kalmarta ta ƙarshe. Dalyop ya ɗaga hannu kamar yadda dokar fili ta ce, alƙali ya zo ya cire harsasan. Takardarsa tana can gaba fes, ko ƙuda bai sauka a kanta ba.

A cikin wayar kuwa ƙauye ya kaure da sowa. Tsoffin sun ji harbin mutanen gefe, sun ɗauka na ɗansu ne. Wani yana kirari, wani yana cewa tun yaron yana rarrafe ya san za a yi haka. Bara'u ya toshe wayar da tafin hannu ya matso.

"Ka ga, sun ji abin da suka zo ji. In kashe kawai mu ce network ne? Ba wanda zai sani."

Dalyop ya gyaɗa kai, aka kashe.

Akwai wani tsohon Bature mai gyaran bindigogi da ya kafa tebur a gefen filin, wurinsa aka garzaya da ita. Ya juya ta, ya haska ta da tocila, ya shinshina, ya kalli Dalyop, ya sake shinshinawa. Ya tambaya cikin ladabi ko ta taɓa faɗawa teku. Sannan ya ce ƙirjin ya cinye, ramukan ƙusoshin sun buɗe, kada a sake sa mata harsashi har abada. Da hannunsa ya mayar da ita jaka, ya ja zif ɗin har ƙarshe.

Bara'u ya ce bari ya nemo musu abin taɓawa, ya bar shi a mota shi kaɗai da gawar. Dalyop ya zauna yana kallon sitiyari. Ga shi ƙauye guda na yi masa kirari, abin da ya yi shekaru yana nema, amma ko kaɗan abin bai yi masa daɗi ba. Ba kirarin tsoffin yake so ba, na mutum ɗaya yake so, kuma ba na sata ba. Ya ɗauki waya ya kira.

"Baba, ba ni na yi harbin nan ba. Tawa ba ta tashi ba. Ta mutu."

"Na sani," in ji Da Chollom. "Na ji ƙyas ɗin. Waɗancan kurame ne, na bar su su yi murnarsu."

Dalyop ya rasa inda zai sa kansa don kunya.

"Me kake ba ta?"

"Man gyaɗa, Baba."

"Daidai. Wanka fa?"

"Kanwa. Da ruwan zafi."

"Daidai. To, kwananta ne ya ƙare." Tsohon ya yi tari, ya gyara zama har ana jin ƙarar kujerar. "Tawa ta farko, albarushi na cika mata don in burge kakanka, ta tsage a hannuna kamar rake. Na yi kuka har da majina. Ka yi kuka?"

"Ina yi, Baba."

"To yi. In ka gama ka faɗa mini yadda take ɗura wa kanta, wannan abin ban gane shi ba."

Da Bara'u ya dawo da soyayyen dankali ya tarar da shi yana kwatanta wa makaho aikin sifirin da hannu, hawaye na zuba, yana dariya. Suka yi ta magana, uba da ɗa, har batirin wayar ya mutu.

Marigayiyar ta rasu ta bar gidajen harsashi biyu, tsoho da sabo, waɗanda aka zarga ba su ji ba ba su gani ba, kuma iyalan suna neman gafararsu. Ta bar tsohon sifirinta da aka sallama daga aiki yana da sauran ƙarfinsa. Ta bar akwatin ƙarfe, wanda Margaret ta riga ta auna ta ga zai ɗauki buhun acca. Ta bar ragowar man gyaɗa a galan, wanda ba wanda ya yarda a soya masa komai da shi. Ta kuma bar mai ita, wanda ya so ta iyakar saninsa. Tukunyar ta riga ta tafiya da ɗan lokaci kaɗan.

Za a yi zaman makoki a gidan Levenshulme ranar Asabar mai zuwa da rana. Masu tahowa daga Birmingham su tuntuɓi Bara'u, akwai wuri a motarsa, amma ya ce ba zai ɗauki mai kuka ba. Kowa ya zo da abincinsa a dafe, domin gidan babu abin dafa na taro. Ba a buƙatar furanni. Wanda ya ga dama ya yi wa Margaret ta'aziyya daban, kuma ya yi da gaske, tana lura. Ba za a buɗe jaka don ganin gawa ba, saboda yanayin da fuskar take ciki.

Ranar Litinin da hantsi za a ɗauke ta zuwa ofishin 'yan sanda, inda za a miƙa ta bisa doka don a kai ta makwancinta na ƙarshe. Dalyop ya roƙi a bar shi ya raka ta shi kaɗai.

Gindin katakon ne kawai ba zai bi ta ba. Da Chollom ya ce a taho masa da shi in an zo Kirsimeti. Ya riga ya sa an buga ƙusa a bangon ɗakinsa, kusa da inda gindin tasa ta farko yake rataye, kuma ya ce ba wanda zai taɓa ƙusar nan sai Dalyop ya zo ya rataye da hannunsa.